Neman kalma: me za mu kira wurin da ake yin giya?

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamai. Ina haɗa rahoto kan tsofaffin sana'o'in Jamus, gobe da hantsi za a ɗauki murya. An zagaya da mu Weihenstephan da ke garin Freising a jihar Bavariya, inda masu wurin ke cewa tun 1040 ake yin giya. Asalinsa gidan ibada ne na sufayen Kirista, a 1803 hukuma ta karɓe shi, har yau kuma mallakar jihar ne. Jamusawa na ce wa irin wannan wuri Brauerei. Na rubuta "kamfanin giya" amma bai kwanta mini ba. Mai sauraro zai hango tireloli da akwatunan kwalabe, ni kuwa zancen sufaye nake yi, shekara kusan dubu baya. A taimaka.

Bazazzagi: Masana'antar giya mana.

'Yar Rediyo: Yaya, ai wannan ta fi kamfanin ƙarar inji.

Bazazzagi: To matatar giya, kamar matatar mai.

Malamin Hausa: A dakata. Matata a ajiye wa wurin da ake turara barasa mai ƙarfi, ranar da za a buƙace ta tana zuwa. Ƙanwata, me kika gani ana yi? Daga aikin ake ciro sunan wuri.

'Yar Rediyo: Allah ya gafarta Malam, da tsiro ake farawa. A jiƙa sha'ir ko alkama har ya fito da baki, a busar, a ɓarza, a dama da ruwan ɗumi har zaƙin ya fito. Sai a tace, a tafasa ruwan sama da awa guda a wata ƙatuwar tukunya mai murfi da bututun fitar da tururi. A nan ake zuba furen hop, shi ke kawo ɗaci kuma ya hana lalacewa da wuri. In ya huce a sa yis, a bar shi kamar mako, sannan a kai ɗakin sanyi ya ƙara kwanaki. Warin ɗakin tafasar sak na dafaffen tsiro ne, wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai kunun zaƙi ya san shi. Mai yi mana bayani ya daɗe a kan dokar 1516 da aka kafa a Ingolstadt, wadda ta ce ruwa da sha'ir da hop kaɗai za a sa. Ba ta ambaci yis ba, don a lokacin ba a gane shi ke aikin ba.

Malamin Hausa: To kin kawo amsar da bakinki. Bahaushe bai taɓa cewa ana ƙera burkutu ko sarrafa shi ba, cewa yake ana dafa shi. Matan Maguzawa haka suke yi da dawa: jiƙo, tsiro, niƙa, dahuwa a manyan tukwane, a bari ya tashi. Daga rini muka sami marina, daga jima majema, daga ƙira maƙera. Daga dafa kuwa madafa. Madafar giya.

Bakatsine: Malam, da girmamawa, madafa kicin ce. Kuma dahuwa ba ita ke mayar da ruwan tsiro giya ba, tsimuwa ce. Ni na daɗe da ƙirƙiro "matsima". Kalma ɗaya tilo, ba ta jingina da komai, ta bi ƙa'ida. A gwada: "tsohuwar matsimar Weihenstephan". Kunne bai ƙi ba.

Hajiya daga Kaduna: Ɗana, ka furta matsima a rediyo, duk macen da ke saurare tsimin gyaran jiki za ta ɗauka, maza kuma su ɗauka tsimin maganin basir ne.

Bakatsine: Hajiya, haka aka yi wa kowace sabuwar kalma da farko. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin 'yan jarida su nace mata?

Bazazzagi: Ga shi kuwa kowa kwamfuta yake cewa.

Wani Dattijo: Ni abin da ke damuna daban ne. Mun rasa kalmomin asibiti da na kotu, sai wurin haramun za mu zauna muna yi wa raɗin suna? Ku bar shi da sunansa na Turanci, ya tsaya baƙo yadda yake.

Malamin Hausa: Baba, ba na sha, mai tambayar ma ban ji ta ce ta ɗanɗana ba. Amma muna da mashaya, muna da caca, muna da kuɗin ruwa, da su ake wa'azi a kan mumbari. Harshen nan kuma akwai Hausawa Kirista da Maguzawa da ke da haƙƙi a cikinsa kamar ni da kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce Hausa ba za ta iya ba da labarin wata ƙasa ba sai ta ari bakin Bature.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ta Malam. Amma in anka zauna irin wagga shawara, kullum Hausar Kano ce alƙali. Mu nan in kalma ta ɓace, Faransanci aka cusa muna, babu mai tambayar yadda tsofaffinmu ke faɗi. Ni "gidan dahuwar giya" na taso ina ji.

Bazazzagi: Wa ya kawo Kano a nan? Ni Bazazzagi, wancan Bakatsine.

Ɗan Maraɗi: Da wace Hausa kuke rubutu dukanku?

Bakatsine: Shi ya sa matsima ta fi, ba ta kowane gari ba ce.

'Yar Rediyo: Don Allah a dawo, dare ya yi. Na karanta ukun da ƙarfi. Matsima sai na tsaya na yi bayani, minti huɗu kacal gare ni. Madafar giya ta fi daɗin faɗa, amma maganar kicin gaskiya ce, wurin ya fi ƙarfin madafa. Zan buɗe da "tsohon gidan dafa giya", daga nan in riƙa cewa "madafar". Hop kuma zan bar shi hop, in ce fure ne mai ɗaci.

Malamin Hausa: Kalma uku a inda biyu suka isa. Amma tunda dafa ta shiga, na haƙura.

Wani Dattijo: Ki dai faɗa a ciki cewa labari kike bayarwa, ba talla ba.

Bakatsine: A yi amfani da shi gobe saboda sauri. Ni dai ban janye matsima ba, kuma giyar fito da burkutu ma ba a tsayar ko kalma ɗaya za ta ɗauke su ba.