Kaka ta shigo, an fasa auren ƙanwa: me za a girka, wa za a kira?

Babbar Yaya: Assalamu alaikum. Waɗanda suka taɓa riƙon 'yar gida bayan an fasa aurenta, ina neman shawararku. Ci ya ragu, ɗaki ya zame mata wurin zama. Ga kaka ta shigo, kayan gona sun cika kasuwa. Me ya kamata a girka, kuma yaya za a tara 'yan'uwa ba tare da an fama mata ciwo ba?

Goggo daga Funtuwa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tun farko kada ki tara dangi duka. Mutum biyar ko shida sun isa, su ma waɗanda take sakewa da su. Taro ya yi yawa, sai ya koma zaman jaje, kowa ya shigo da "wani hanin ga Allah baiwa ne". Gaskiya ce, amma in ta ji ta sau goma a wuni ɗaya, kuka za ta koma yi. A sa zaman bayan la'asar, a watse da magariba. Kuma a ba ta aikin hannu: ɓarar gyaɗa, gyaran zoɓo, feraye kabewa. Mai aiki ba a zuba mata ido. Maganar mayar da lefe kuwa ta kawunnai da gwaggwanni ce, a yi ta ranar da ba ta gida.

Mai Kunu: Wadda ta kwana biyu ba ta ci sosai ba, kada a fara mata da tuwo. Kunun gyaɗa ya fi shiga. Ɗanyar gyaɗa kofi 2, a jiƙa awa 2, a murje ɓawon, a markaɗa, a tace da ruwa kamar lita 2. A ɗora a wuta ana juyawa, don tana saurin kamu a ƙasan tukunya, kuma tana yin bori. In ta tafasa ƙamshin ɗanye ya fita, a zuba damammen garin shinkafa ko gasarar sabon gero rabin kofi. Ruwan tsamiya sai an sauke. Wanda ya zuba shi tukunya na tafasa, kunun zai tsinke, ruwa gefe gari gefe. A ba ta ƙaramin kofi, kada a tsaya a kanta ana "shanye".

Uwargida a Maraɗi: Ni zoɓo zan ƙara, tunda sabo na shigowa daga Nuwamba. Busasshe kofi 2 ga ruwa lita 4. A wanke sau biyu da ruwan sanyi, da sauri, don yashi ya fita launi bai tafi ba. Citta yatsa biyu, kanumfari 8, ɓawon abarba ɗaya. Tafasar minti 15 ta isa. Kanumfari ya yi yawa, ɗaci za ki ji. Kada a bar shi ya kwana a tukunyar dalma, tsaminsa na cin ta. Sukari a sa wa wanda za a sha kawai, domin mai sukari in ya kwana biyu a waje sai ya fara kumfa da warin giya, wannan zubarwa ake yi.

Mai Kunu: Hajiya, a ƙara da cewa zoɓo na sauke hawan jini. Wadda cikinta ba komai, ga jiri, ta fara cin wani abu tukuna.

Manomi daga Giwa: Ku mata kun tafi tukunya, kun manta da tumu. A samo kan gero wanda ya cika ido amma bai bushe ba, a gasa a kan garwashi ana juyawa. A harshen wuta, waje zai ƙone ciki ɗanye. A murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin. Sabuwar gyaɗa kuma mudu ɗaya da ɓawonta, gishiri cokali 3, dahuwar kusan awa ɗaya. A tsane ta a kwando, a cinye ranar, gobe yauƙi take yi. Amfanin waɗannan biyun, a tabarma ɗaya ake cinsu, yara na wawa, hira ta tafi kan farashin buhu da wanda ya yi asarar wake. Sunan wancan yaron ba ya ma tasowa.

Goggo daga Funtuwa: Malam ya faɗi daidai. In ana son abin dare, taushe da waina: kabewa rabi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi ɗaya, yakuwa kaɗan, alayyafo a ƙarshe. Kuma don Allah kada wata ta zo da hoton ɗan ƙawarta wai ga madadi.

Ma'aikaciyar Jinya: Yaya, ki sa ido a kan abu uku: barci, ci, da maganarta. In ta kai mako 2 ba barci ba ci, ta daina wanka da kwalliya, girki ba zai wadatar ba, yana iya zama ciwon damuwa ne kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ko a fara da likitan asibitin da ke kusa. In kuwa ta furta cewa ta gaji da rayuwa, ba a jiran mako biyun. A kwashe magunguna da maganin ƙwari na ajiyar wake daga inda hannunta zai kai, wani ya kwana ɗakinta, a kai ta asibiti a ranar.