Gwajin korona yana kama cutar MERS kuwa?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum. Ina sanin makamar aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Jiya aka kawo wani dattijo da ya dawo daga Umara, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga zazzaɓi. Na ɗauki samfuri daga hancinsa, gwajin korona na minti 15 ya nuna babu. Har na kwanta abin yana raina. Da MERS ce, wato cutar numfashin nan da ake iya ɗauka daga raƙuma, wannan gwajin zai gane ta?

Baban Sadik: Wa alaikumussalam, 'yata. Ba zai gane ta ba. Dangi ɗaya ne, amma kowace da gwajinta. A 2012 aka gano MERS a Saudiyya, kuma a shekarar masana a Jamus suka haɗa mata gwajin PCR mai neman sassan ƙwayar halittarta, kamar upE da ORF1a. Majinar hanci tana iya ɓoye ta, kakin ƙirji ya fi nunawa.

Nas Rabi: Ki tambaye shi ko ya kusanci raƙuma ko ya sha nononsu. Ki gaya wa likita yau, a keɓe shi.

Ummu Hanifa: Na gode, Baba. Na kira ɗansa, ya ce sun je kasuwar raƙuma. Yanzu zan sanar da likita.