Saƙon "a mayar da babur saboda sarƙa": yaya ake gane na gaskiya, kuma wane aiki dila zai yi?

Ɗan Garin Malam

Assalamu alaikum. Akwai saƙon da ke yawo a WhatsApp tsakanin 'yan kabu-kabu a nan Damagaram, wai wani kamfani ya ce a mayar da baburansa saboda sarƙa na tsinkewa ana cikin tafiya. Saƙon ba shi da lambar shasi, ba shekara, ba sunan wakili. Masana, ta yaya mutum zai tabbatar nasa yana cikin waɗanda aka kira? In yana ciki, me dila zai yi masa, kuma wa zai biya? In kuma ba ya ciki amma kullum sarƙa sai ta saki, laifin kamfani ne ko na riƙo?

Malam na Birni

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kiran gyara na gaskiya da lambar shasi yake tafiya. Kamfani ba ya cewa "duk mai irin babur kaza ya zo". Yakan ce daga lamba kaza zuwa lamba kaza, waɗanda aka haɗa tsakanin wata kaza da wata kaza, domin kuskuren yakan faɗa kan rukuni ɗaya ne na kayan da aka ƙera. Saƙon da ba shi da wannan, ka ɗauke shi jita-jita tukuna. In kuma har ya ce ka latsa wani wuri ka tura kuɗin rajista, to na 'yan damfara ne, don kiran gyara kyauta ake yin sa, kayan da aikin duka.

Lambar tana wuyan babur, an buga ta a jikin ƙarfe ƙasan kan tuƙi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki, saboda haka in ka ga abu kamar O, sifili ne. Ukun farko na ƙasa da kamfani ne: L a farko na nuna China, J Japan, na Indiya kuma da M suke farawa. Na goma a wurin yawancin kamfanoni shekara ce: P 2023, R 2024, S 2025. Ka gwada lambar da wadda ke kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar babur, don akan samu kuskuren harafi ɗaya tun daga takardun duwan, kuma harafi ɗayan nan ya isa dila ya ce bai gan ka a kwamfuta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kiran gyara ƙasa-ƙasa ake yin sa. A Amurka hukumar NHTSA tana da shafin da za ka sa lambar ka ga amsa, Tarayyar Turai na da Safety Gate, shafin sanar da kayan da ke da haɗari, Indiya ma ta mayar da shi doka tun Afrilun 2021. Amma kowannensu baburan da aka sayar a kasuwarsa yake bibiya. Baburan da ke hannunmu da yawa ta hannun 'yan kasuwa suka shigo, wasu daga Kano ta Magarya ko Matamaye, a kwali, aka haɗa su a nan. Wanda ya sayar maka a shago ba lalle ne wakilin kamfani ba. Ka tambaye shi wa ya shigo da kayan, ka nemi wannan wakilin da lambar shasi da faktir ɗinka. Shi ne kamfani ke aika wa takardar kira da kayan canji.

Bakaniken Dole

Malam ya gama magana kan takarda. Bari in taɓa ƙarfen.

Sarƙar da ta fito da lahani daga masana'anta da wuri take nuna hali, babur na sabo. Ko ba a gasa ƙarfen daidai ba, sai ka ga farantan gefe na gaɓa suna tsagewa kusa da ramin fil, ko ba a danne kan fil ɗin mahaɗa, gaɓar da ke haɗa bakin sarƙa biyu, da kyau ba, sai ya riƙa zarewa, ko kuma notocin babban faranti mai haƙora na baya, wanda wasu ke kira sufuroket, ba a ɗaure su yadda ya kamata ba. Waɗannan su ne na kamfani. Amma sarƙar da ta yi shekara tana shan yashin hanyar Tanut da ƙurar hunturu, sannan ta fara saki, ba ta da alaƙa da kira. Cinyewa ce.

Mutane na cewa sarƙa ta miƙe. Ƙarfen ba ya miƙewa, fil da bututun da yake juyawa a ciki ne ke cin juna, kowace gaɓa ta ƙara ɗan sarari, in aka tara sai tsawo ya ƙaru. Ga yadda ake aunawa: yawancin ƙananan baburanmu na 100 zuwa 150 sarƙa mai lamba 428 suke ɗauka, tazarar fil zuwa fil milimita 12.7. Ka ja ta ta miƙe sosai, ka ƙirga fil 21, ka auna daga tsakiyar na farko zuwa tsakiyar na ƙarshe. Sabuwa 254 za ta ba ka. In ta kai 259, ta gama aiki. Ka auna wuri uku ko huɗu, don ba ta cinyewa bai ɗaya. In babu abin awo, kama sarƙar a can bayan babban faranti ka ja ta baya. In ta ɗaga har ka hango rabin haƙori, ka nemi sabuwa.

Sai ɗauri, wanda shi ne ke kashe sarƙa a garin nan fiye da komai. Yaran gareji na son su ɗaure ta tamau kamar tsirkiyar gurmi, wai don kada ta yi ƙara. Kuskure ne babba. In fasinja ya hau, ga buhun gero a baya, ƙafar da ke riƙe tayar baya takan ɗaga, tazarar babban faranti da ƙaramin na gaba ta ƙaru, sarƙa ta ƙara ɗamewa. Wadda ba ta da sarari sai ta ja sandar giya da ke ɗauke da ƙaramin faranti, ta kashe boris ɗin wurin da robar da ke tare mai, ka fara ganin mai na tsatsafowa ta bayan ƙaramin faranti. Yawanci wasan sama da ƙasa a tsakiyar sarƙa milimita 20 zuwa 30 ne, amma a duba littafin babur ko takardar da ke manne a jikinsa, don wasu sun bambanta. A juya taya a nemo inda ta fi ɗamewa, a nan ake aunawa.

In kiran ya tabbata ka kai wa dila, kada ka karɓi makulli sai ka duba aikin da idonka. Lambar da ke jikin sabuwar sarƙa ta yi daidai da ta da, kuma yawan gaɓoɓi ɗaya ne. Makullin mahaɗa, ɗan ƙarfen nan mai kama da kifi, rufaffen kansa ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya. In aka juya shi, abu kaɗan zai taɓa buɗaɗɗen bakin ya fizge shi, sarƙa ta faɗi, ko ta naɗe ta ƙulle taya. Zanen awo na hagu da na dama a wurin aksul su zo daidai, in ba haka ba taya ta karkace, haƙora za su cinye ta gefe ɗaya. Babban notin aksul a ɗaure shi, in mai fil ne a sa sabon fil, ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba. Sannan ka taka birkin baya: duk lokacin da taya ta matsa, sandar birki na bukatar sabon saiti, kuma nan ne aka fi mantawa.

Hajiya mai kayan gyara, Zango

Ƙari kan na maigidan gareji. Ka sa a rubuta maka a takarda: ranar aiki, lambar shasi, kilomita nawa, da abin da aka canza. Wasu dilolin sukan ce kayan ba su iso ba, ka dawo wani mako. To a rubuta ranar da ka zo, ka kuma tambaya ko takardar kamfani ta ce a daina hawa har a gyara. In ta ce haka, a jingine babur.

Abin da ke jawo rigima shi ne faranti. Sau da yawa kiran sarƙa kaɗai ya shafa, sai dila ya ɗora sabuwa kan tsofaffin haƙora. In babur ɗin bai yi nisa ba, babu laifi. Amma in haƙoran sun yi tsini ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, sabuwar sarƙa ba za ta daɗe ba. Gara ka cika kuɗi daga aljihunka a canza ukun tare, sarƙa da faranti biyu. Tunda an riga an cire taya, a duba robobin da ke cikin hob, wato cibiyar taya, bayan babban faranti. In sun mutu za ka ji "kas" duk lokacin da ka saki kuloci, mutane su ɗora wa sarƙa laifi.

Ɗan Garin Malam

Allah ya saka da alheri. Saura batun mai. Wasu na cewa a garin yashi gara a bar sarƙa busasshiya, wasu na shafa baƙin mai ko giris.

Bakaniken Dole

Duka biyun ban yarda da su ba. Busasshiya fil ke cin kansa, giris kuma kama yashi yake yi ya zama kamar dutsen niƙa. Baƙin mai ya riga ya cika da garin ƙarfe, ga shi ruwa-ruwa, tafiya kaɗan ya watse a taya. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, a goge ta bushe, a ɗiga man giya mai kauri, 80W-90, ta cikin sarƙa daidai kan gaɓoɓi ana juya taya da hannu, injin a kashe. Masu kunna inji su sa giya suna shafa mai, yatsu suke rasawa. A bar shi ya shiga, sannan a goge na waje da tsumma har ya kusa bushewa. Littattafai na cewa duk kilomita 500, amma ɗan kabu-kabu a lokacin hunturu ko damina ya yi duk mako. In sarƙar mai ƙananan zobban roba ce tsakanin faranta, kada fetur ya taɓa ta, yana lalata robar.

Murfin sarƙa kuma, wannan na kwano da samari ke cirewa don gayu, a mayar da shi. Sabuwar sarƙa takan ɗan saki a kwanakin farko, saboda haka ka koma a sake auna wasanta bayan kilomita 200 ko makamancin haka, kafin ka kama doguwar hanya irin ta Gure.