Tambaya: ana iya narkar da rezin ɗin firinta 3D a sake aiki da shi?

Mai Gyaran Waya Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masana ku taimaka mana. Ni da wani abokina mun haɗa kuɗi mun sayi ƙaramar firinta 3D irin mai aiki da ruwan rezin, wadda haske ke daskarar da shi, da sola muke kunna ta a shago, muna buga ƙananan abubuwa kaman giyar roba ta cikin rediyo da madannin gefen waya da ba a samu ko a Farm Centre. Toh matsalar ita ce ɓarna, wani ya karye wani bai fito daidai ba ga kuma 'yan sandunan da ke tallafe abu lokacin bugawa, duk sun taru a buhu. Na kai wa masu jari bola ranar kasuwa, mutumin ya kunna laita ya kara wa guda ɗaya, bai narke ba sai baƙi da yayi yana wari, yace min wannan ba roba bace ba zasu saya ba. Ga rezin da tsada wallahi. Shin babu hanyar da za a mayar da shi ruwa ne, ko aƙalla a gyara wanda ya tsage?

Ɗalibin Wudil:
Wa alaikumus salam yayana. Mai jari bolan nan gaskiya ya faɗa maka. Robar gorar ruwa ko ta bokiti a cikinta kaman zaruruwa ne dogaye a kwance gefen juna ba ƙulli, in ta ji zafi sai su saki su zame, shi yasa kamfanonin roba na Sharada ke niƙa ta su narkar su sake zuba wani abu. Shi kuwa rezin ɗinka a kwalba guntaye ne, akwai wani sinadari a ciki da ke jiran haske, da hasken firintar ya taɓa shi, sai guntayen nan su ƙulle da juna ta ko'ina kaman ragar masunta. Abin da ya ƙulle haka zafi baya kwance shi, ƙonewa kawai zai yi. Irin aikin ne likitan haƙori ke yi in ya cike rami ya haska shuɗin haske, kai ma ai kana yi da koren man nan da kake shafa wa bod ɗin cikin waya ka haska masa tocilan UV ya daskare. Tun da Chuck Hull ya samu rajistar fasahar a Amurka a 1986 haka abin yake tafiya.

Malamin Kimiyya Kazaure:
Madalla da bayanin ɗalibi, amma kar mu tsaya a "ba zai yiwu ba", don masu bincike sun daɗe a kan wannan damuwar taka. Dabarar ita ce a yi ƙullin da ake iya kwancewa a sake ɗaurawa. A 2011 Ludwik Leibler da abokan aikinsa a Faris ta Faransa suka fito da wani nau'i da ake kira bitrima, a yanayin da muke ciki yana nan da tauri, amma in aka gasa shi sosai sai mahaɗan, wato ƙulle-ƙullen nan, su riƙa musayar wuri, ana iya liƙe karaya ko a niƙa a danne shi ya zama wani abu. Daga nan aka fara cusa irin wannan mahaɗi cikin rezin mai daskarewa da haske.

Wanda ni ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Birmingham a Ingila, ƙungiyar Farfesa Andrew Dove, a 2024. Sun haɗa rezin daga asid ɗin lipoyik, abin da ma ake sayarwa a matsayin ƙarin sinadarin jiki, yana da wani zobe mai ƙwayoyin farar wuta guda biyu, haske na buɗe zoben su sarƙe da juna abu ya daskare, bayan nan da wani sinadari sai a warware shi ya koma ruwa a sake zubawa a firinta a buga. Wannan fa shi ne ainihin abin da kake nema, ba niƙawa a yi ciko ba.

Sai dai akwai wuya a ciki, mahaɗin da ke saurin saki yana iya sa abu ya riƙa lanƙwashewa a hankali in ya ji zafi da nauyi, kuma mu nan da watan Afrilu ke haura digiri 40, ka ajiye abu ƙarƙashin kwano, dole a duba wannan da kyau. Ni a ganina ɗalibanmu na kimiyya ya kamata su shiga gwajin nan, zafin Jigawa ba na Birmingham bane. Kuma a kula, rezin da ake rubuta wa an yi shi da man waken soya shima in ya daskare baya narkewa.

Maman Ɗalibai Gumel:
Ni ƙanina na wannan sana'ar, roƙona ɗaya ɗana, kar ku zubar da ruwan rezin ko sipirit ɗin wanki a kwata ko kusa da kududdufi, guba ne ga kifi, ga dabbobi na sha a wajen. Ku sa a gora mai haske ku ajiye a rana har ya daskare tukunna. Kar kuma a ƙona buhun nan, kuma a sa safar hannu don yana cin fata.

Ɗalibin Wudil:
Kan batun tsagewa kuwa yayana ko da wanda ke hannunka ana ɗan yi, ka goge bakin karayar da samfefa, ka ɗiga ɗanyen rezin da tsinke ka haska tocilan UV ɗinka ta gyaran waya, kaɗan kaɗan don hasken baya shiga da nisa. Bazai kai ƙarfin na farko ba, giya mai juyawa gara ka sake bugawa. Ragowar da ke cikin tiren kuma ka tace ka mayar kwalba.

Mai Gyaran Waya Ringim:
Allah ya saka muku da alheri, Mama an ji za a kiyaye in sha Allah. Malam ko zan iya aiko maka da gutsattsarin nan Kazaure ta motar ranar kasuwa, ko ɗalibanka zasu gwada yadda zafi ke yi musu?