Gem ne ke sa ƙiba, ko abin da ake ci a gabansa?

Kawun Yara:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana lafiya da masu sanin harkar gem. Matashi ne ɗan shekara 15, kullum yana yin awa uku zuwa huɗu yana bugawa, rabi a PlayStation da yamma, rabi a waya bayan isha'i. Cikin shekara guda ya ƙara kilo takwas, wandunansa sun daina shigarsa. An kasu biyu a kansa: wasu sun ce a kwashe na'urar gaba ɗaya, wasu sun ce girma ne kawai. Shin zaman gem ɗin ne da kansa ke kawo ƙibar? In an ƙwace, nauyin zai sauka? Ta ina ya kamata a fara?

Malama Mai Sikeli:
Wa alaikumus salam, Kawu. Kafin a taɓa na'urar, a fara da awo, domin kilo takwas shi kaɗai bai faɗi komai ba. Namiji a tsakiyar balaga yakan ƙara santimita bakwai zuwa tara a tsawo cikin shekara, nauyi kuma ya biyo baya. A auna shi da safe bayan ya zagaya, kafin ya karya, ba takalmi. Sai a raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita, abin da ya fito a sake raba shi da tsawon, wato lissafin BMI, ma'aunin da ke gwada nauyi da tsawo. Mai kilo 65 da tsawon mita 1.65 zai tashi 23.9. A nan mutane ke yin kuskure: ga babba wannan daidai ne tunda bai kai 25 ba, amma a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya namiji ɗan shekara 15 ya shiga yawan nauyi daga wajen 22.7, ƙiba sosai kuma daga wajen 27. Awo na biyu ya fi sauƙi, tef ɗin tela ya isa. A zagaya ƙugu a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso, bayan ya fitar da numfashi. Kada ya kai rabin tsawonsa. Mai santimita 165, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 82.

Batun ko gem ne ke sa ƙiba, alaƙar tana nan amma ba ta kai yadda ake zato ba. A 2019 masu bincike daga Jamus da Ostiriya sun tattara nazari 20 da suka shafi mutum sama da 38,000. Sun tarar lokacin da ake ɓatawa a gem bai bayyana ko kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin nauyin mutane ba, kuma a wajen manya ne alaƙar ta fito, ba yara da matasa ba.

Gwajin da ya fi nuna inda gizo ke saƙar shi ne wanda aka yi a Kofanhegan, babban birnin Denmark, aka wallafa a 2011. Samari 22 ne, wata rana su yi awa guda suna buga gem, wata rana su yi awa guda a zaune kawai, sannan a ajiye musu abinci su ci iya son ransu. Bugun gem ya ƙona ƙarin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki) kusan 20 kacal. A wajen cin abinci kuwa sun ƙara kusan kalori 80, alhali da aka tambaye su ba su ce sun fi jin yunwa ba. Ka ga ashe hannu ne ke kai wa baki ba tare da ciki ya nema ba.

Yanzu ka yi wannan lissafin. Kilo guda na kitse kusan kalori 7,700 ne. In ma duk kilo takwas ɗin kitse ne, rarar kalori 170 a rana ta isa ta tara shi cikin shekara. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari wajen giram 50 zuwa 55, kusan ƙaramin cokali 13, kalori 200 da ɗoriya. Roba ɗaya tak ta wuce rarar. Ƙaramar indomi guda ta haura kalori 300, ƙwai biyu 150, babban cokalin mai ɗaya 120. In ana cin wannan ƙarfe sha ɗaya na dare bayan an riga an ci tuwo, cin abinci na huɗu ke nan. Don haka in an ƙwace na'urar aka bar lemon da cin dare, zai koma gaban talabijin da su, sikeli ba zai motsa ba.

Ɗan Gidan Gem:
Malama ta gama magana a kan ciki, ni zan tsaya a kan lokaci. Awa huɗun nan daga wani wuri aka ciro su, kuma wurare biyu ne: filin ƙwallo da barci.

Mai kilo 60 da ke zaune riƙe da hannun gem yana ƙona kalori 80 zuwa 90 a awa. Tafiya da sauri tana cin wajen 240, ƙwallon unguwa wajen 400. Yaron da a da yake fita fili daga la'asar zuwa magariba, yanzu kuma yake zaune a wannan lokacin, ya yi asarar kalori wajen 300 a duk yammacin da bai fita ba. Shi ya sa a ganina bugun yamma ya fi na kowane lokaci tsada ga jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga 'yan shekara 5 zuwa 17 ita ce minti 60 na motsa jiki mai sa haki kullum. A mayar masa da la'asar ɗinsa, gem ya koma wani lokacin.

Na dare kuma barci yake ci. Ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Wanda zai tashi asuba ya yi shirin makaranta, in ya kai ƙarfe ɗaya yana PUBG ko Free Fire saboda arahar data ta tsakar dare, da ƙyar zai samu awa biyar. Ƙarancin barci yana ɗaga sinadarin da ke sa jin yunwa, ya rage wanda ke sanar da ƙoshi, washegari kuma abin zaƙi da mai maiƙo rai zai riƙa so. Sai a haɗa da lemon ƙara kuzari. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80 da sukari giram 27, manyan robobin da aka fi saya kuwa sun ninka shi girma. Rabin kafeyin yana nan a jini bayan awa biyar, wanda ya sha ƙarfe tara yana tare da shi har biyun dare.

Wajen sa iyaka, kada a ce masa "saura minti goma". Ba a tsayar da wasan intanet a tsakiya, in ya fita ya bar abokansa an cinye su, daga nan rigima ke tashi. A ƙirga da wasa. Wasan ƙwallo na FC ko eFootball bai cika wuce kwata ba, zagayen PUBG yakan kai rabin awa. A ce wasa huɗu, ko zagaye biyu, kuma bayan kowane biyu ya miƙe ya yi minti biyar yana motsi. PlayStation tana da wurin da babba ke ƙayyade lokacin wasan yaro, amma sai an buɗe wa yaron asusunsa daban a ƙarƙashin na babba. In da asusun babba yake bugawa, saitin ba ya kama shi. A wayar Android akwai Family Link, a iPhone akwai Screen Time. Abin da ya fi su duka aiki shi ne wayar ta kwana tana caji a falo, awa guda kafin kwanciya.

A lura da gidan gem ma. In an hana shi a gida kwatsam, can zai koma, inda firijin lemo ke bakin ƙofa kuma babu mai ganin abin da ya saya.

Kawun Yara:
Allah ya saka da alheri. To wasannin da ake bugawa a tsaye ana tsalle fa, ba za su maye gurbin fita ba? Kuma ya kamata a rage masa abinci?

Ɗan Gidan Gem:
Kada ka kashe kuɗi a kansu da wannan niyyar, Kawu. Suna sa gumi yayin da ake yi, amma ɗokin ba ya daɗewa. A Amurka an raba wa yara 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii, wasu da wasannin motsi wasu da na zama, aka bi su mako 13, ba a ga bambanci a yawan motsinsu ba. Pokémon Go ma da ya fito a 2016, masu bugawa sun ƙara taku kusan 950 a rana a makon farko, zuwa mako na shida ƙarin ya ɓace.

Malama Mai Sikeli:
Kada a sa shi yunwa. Jikin da ke tsawo yana buƙatar abinci, kuma yaron da aka hana a faranti zai rama a wajen mai shayi. Sau da yawa burin shi ne nauyin ya tsaya cik tsawo ya cim masa. Abubuwan da za a taɓa kaɗan ne. Lemo ya koma sau ɗaya a mako, ruwa ya zauna kusa da shi, zoɓo da kunun aya kuma a rage musu sukari don su ma suna iya kamo lemon kwalba. Ba a cin komai da hannun gem a hannu. In yunwa ta zo a dakata, a zuba a kwano, a ci a wani wuri. Ledar cincin ko biskit da aka buɗe a gaban allo sai ta ƙare ake sani. Kada ya tsallake karin kumallo, kuma a rufe kicin bayan abincin dare. A auna shi sau ɗaya a mako biyu, sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, tsawo kuma duk wata uku. Dokar ta hau kan kowa a gidan, kuma a daina kiransa da sunayen tsokana a kan jikinsa, wannan yana ƙara tura yaro ɗaki ne.

Akwai alamun da ba a jira da su. In bayan wuyansa ko hammatarsa ta yi baƙi-baƙi da kauri kamar dauɗar da ba ta fita da soso, wannan kan nuna jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, a je a gwada sukari. Haka yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko minshari mai ƙarfi da gyangyaɗi a aji. Akwai kuma masu ramewa maimakon ƙiba, saboda gem na sa su tsallake abinci, su ma a duba su. In kuwa ya kai ga ya kasa dainawa, karatu da sallah da hulɗa da mutane duk sun koma baya, kuma ya ci gaba duk da yana ganin illar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, galibi in ya ɗauki wata 12. Wannan sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa. Awa uku a rana kaɗai ba ta isa a kira yaro da haka ba.

Ka turo tsawonsa da awon ƙugunsa, Kawu, da adadin lemon da yake sha a mako, sai a duba inda ya faɗa a jadawali.