Tsohon ciwo da ɗaga ƙarfe: wa ya taɓa ganin gefe ɗaya ya ƙi cika?

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi

Salamu alaikum 'yan uwa masu ɗaga ƙarfe. Tambayata ga waɗanda suka taɓa karaya ko targaɗe ne kafin su shiga harkar. Shekarun baya na faɗi da mashin a hanyar Kalgo, hannun hagu ya karye dab da wuyan hannu, aka yi mini ɗori a gida. Ya warke, ina aikina da shi lafiya lau. Amma tun da na fara ƙarfe damtsen dama sai cika yake, na hagu ya tsaya cik, har tela ya lura da ya zo auna mini riga. Abinci ɗaya, ƙarfe ɗaya. Wanda ya gamu da irin haka ya faɗa mana yadda ta kaya.

Tsohon Ɗan Kokawa, Argungu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni kafaɗar dama ce ta goce a filin kokawa tun ina saurayi, aka ja aka mayar, kuma ta sake gocewa bayan nan. Da na koma ƙarfe sai ƙirjina ya fito a karkace, hagu a cike, dama a shafe. Wani yaro ne ya ɗauke ni bidiyo ina kwance kan benci, shi ne na ga abin da ke faruwa: sandar ba a miƙe take tashi ba, hannun hagu ke riga kaiwa sama, na dama ya biyo baya, gwiwar hannun a maƙale da haƙarƙari tana gudun buɗewa. Ni kuwa a raina daidai nake turawa. Doguwar sanda munafuka ce, gefen mai lafiya na ɗauke wa ɗan uwansa aiki ba ka sani ba. Na ajiye ta na koma ƙananan ƙarafa na hannu ɗaya-ɗaya, irin waɗanda muke zuba siminti a gwangwanin madara. Da dama nake farawa, inda ta gaji nan hagu ma ke tsayawa ko da tana da sauran ƙarfi. Yara sun yi ta dariya wai Baba ya koma ɗaga kayan wasa. Ƙirjin dai ya taso, ko da yake har gobe ba na sauke ƙarfe ta bayan wuya.

Mai Tsaron Gida, Jega

Nawa gwiwa ce, a ƙwallo. Ta kumbura ta yi ruwa, ta sace, na ci gaba da harkokina. Ina tsuguno da ƙarfe amma cinyar ta ƙi, musamman naman da ke saman ƙoƙon gwiwa ta ciki, wurin ya lotsa. Kuma duk ranar da na matsa mata, washegari ta kumbura, cinyar ta ƙara yin sanyi.

Sarkin Ƙarfe, Zuru

Ku yi haƙuri, ni ina ganin yawancin wannan ragwanci ne. Kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi. Ku dubi 'yan dambe, hannun da ake ɗaure wa kara ai ya fi ɗayan, kuma ba karaya suka yi ba. A ci wake da ƙwai da kifi, a ƙara nauyi, jiki zai bi. In ya yi zafi a sha magani a ci gaba.

Anti Mai Gashin Ƙashi, Birnin Kebbi

Malam na Zuru, rabin maganarka gaskiya ce, ɗan bambanci tsakanin dama da hagu kowa na da shi. Amma batun a sha magani a ci gaba, a'a. Masu haɗiyar diclofenac ko tramadol kafin su shiga ƙarfe su muke gani daga baya da abin da ya fi na farko muni, don sun kashe ƙararrawar da ke gaya musu su tsaya.

Aikina ke nan, bari in ɗan yi bayani. Tsokar da aka ɗaure ba ta motsi takan fara zubewa cikin mako 2 kacal, ɗori kuwa yakan kai mako 6 ko fiye. Wannan mai sauƙi ne, aiki na dawo da ita. Na ɗan uwanmu na Jega daban ne. Idan gaɓa ta kumbura, ita da kanta ke aika saƙon da ke rage umarnin da jijiya ke kai wa tsokar cinya, sai mutum ya yi iya ƙoƙarinsa amma wani sashe na naman bai amsa ba. Abin yakan daɗe bayan zafi ya tafi. Shi ya sa muke fara kashe kumburin, sannan mutum ya zauna ya miƙe ƙafa ya riƙa matse cinyar yana riƙewa, kafin a zo maganar nauyi. Gwiwar da ke kumbura bayan kowane atisaye, ko take sulluɓewa in an juya, a je a duba ta, wataƙila igiyar da ke riƙe ƙasusuwan gwiwar ta ciki ce ta tsinke. Kafaɗa kuma, wadda ta goce tun ana ƙasa da shekara 20 mafi yawanci tana sake gocewa, sai an ƙarfafa ƙananan tsokoki 4 da ke riƙe kan ƙashin, da roba mai talewa ma ana yi.

Wani abin da mutane ba su sani ba: in hannu ɗaya na ɗaure, motsa mai lafiyar da nauyi na rage wa na ɗauren asarar ƙarfi.

Ɗan Bakin Ruwa, Yauri

Anti, ni allura aka yi mini a ɗuwawu ina yaro, tun daga nan ƙafar take ja, tafin ba ya ɗagowa sosai. Sama na cika har ana tambayata me nake ci, buhun shinkafa mai kilo 50 ba ya ba ni wahala, amma ƙaurin nan kamar sandar rake. Na yi ɗage har na gaji.

Anti Mai Gashin Ƙashi, Birnin Kebbi

Sannu ɗana. Alamu sun nuna allurar ta taɓa babbar jijiyar da ke saukowa ta ɗuwawu zuwa ƙafa. Jijiya na tohowa kamar milimita 1 a rana, kuma tsokar da ta shekara da shekaru ba saƙo ba ta dawowa yadda take, ko nawa aka ɗaga. Abin da ya rage da rai shi za a gina, kuma akwai takalmin roba da ke tallafe tafin don kada ka riƙa tuntuɓe. Ka zo a gwada a ga wace tsoka ke amsawa.

Ɗan Kabu-kabu, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai. Yanzu na gwada abin da Baba na Argungu ya faɗa, sai na ga tafin hagu ba ya juyowa sama gaba ɗaya, rabi yake tsayawa, kuma riƙona ke saki tun damtsen bai gaji ba. Anti, wannan fa?

Anti Mai Gashin Ƙashi, Birnin Kebbi

To ka ga dalilin, damtsen bai taɓa samun aikin da zai ishe shi ba. Ko gaɓar ce ta sandare, ko ƙashin ya haɗe a karkace, hoto ne kawai zai raba gardama. Ka yi hoton wuyan hannun ta gaba da ta gefe. Kafin nan ka riƙa riƙe ƙarfen babban yatsa na kallon sama, kamar riƙon guduma, kada ka tilasta masa juyawa.