Manhaja ta ƙi buɗuwa sai da admin, ku ya kuka yi a ofis ɗinku?

Hajiyar Akawu: Salam 'yan uwa. Kwamfutocin ofis ɗinmu duk a haɗe suke da saba ɗaya, wato babbar kwamfutar da sauran ke dogara da ita, to manhajar lissafin da muke aiki da ita in mai kula da kwamfutocin ya shiga da sunansa lafiya lau take buɗewa, ni kuwa da na shiga da nawa sai ta ce Access is denied ko ta nemi faswod ɗin admin, shi kuma bawan Allahn nan ba kullum yake zuwa ba. Dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Injiniyan Kwamfuta: Wa alaikumus salam Hajiya, tsohuwar manhaja ce ko? Na sha haɗuwa da irinsu. Waɗanda aka rubuta tun zamanin Windows XP lokacin kusan kowa admin ne, a cikin Program Files suke son ajiye bayanansu, kuma ma'aikaci na yau da kullum ba shi da ikon rubutu a wajen, tun da Windows Vista ta zo da UAC, wato tsarin nan mai neman izinin admin, a 2007 abin ya fito fili. Ni Process Monitor nake saukewa, manhajar da ke nuna duk abin da wata manhaja ke taɓawa a kwamfuta, na Sysinternals ne da Microsoft ta saya a 2006, kyauta ne, sai in buɗe manhajar da sunan ma'aikacin in tace sakamakon ya nuna ACCESS DENIED kawai, nan take za ka ga foldar ko wajen rajistan (ma'ajiyar saitunan Windows) da take ƙoƙarin taɓawa. Wannan foldar kaɗai nake ba su Modify, wato ikon rubutu da gyara, shi kenan.

Ɗan Kasuwa: Kai oga duk wannan wahalar fa? Mu kowa aka mai da shi admin muka huta 😂

Injiniyan Kwamfuta: Malam ba hutu ba ne, lokaci kawai kuke jira. Wani ofis da aka kira ni haka suka yi, yaro ɗan bautar ƙasa ya soka filash ya saka wata manhajar da aka fasa, ƙwayar cutar ta samu ikon admin ɗin nan ta shiga ko'ina, sai da muka goge kwamfutar gaba ɗaya.

Maman Ofis: Namu daban ne. Mun samu faswod ɗin muka danna Run as administrator, manhajar ta buɗe amma wai ba ta ga Z: ba, harafin da muka haɗa da foldar saba inda fayil ɗin yake, alhali ga shi nan ina gani da idona. Ashe in ka ɗaga manhaja zuwa admin ba ta ganin harafin da ka haɗa a zamanka na yau da kullum. Cikakken adireshin sabar muka rubuta mata mai farawa da \\ ta kama.

Malamin Makaranta: Ku duba agogo ma wallahi. Kwamfutocinmu na gwanjo ne batirin CMOS mai riƙe agogo ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta kwanan wata ya koma baya, shi kuma domain, wato tsarin da saba ke kula da shigar kowa, in bambancin agogonka da na saba ya wuce minti 5 Kerberos mai tantance masu shiga ba ya yarda da kai, mu muna ta zargin an cire mu daga rukuni.

Injiniyan Kwamfuta: Haka ne. Sannan izinin folda biyu ne, akwai na Sharing akwai na Security, in ta netwok ka shigo wanda ya fi tsauri shi ke aiki, mutane su ba da Full Control a ɗaya su manta ɗayan na kan Read. Kuma in an saka ki a sabon rukuni sai kin fita daga asusunki kin sake shiga kafin ya hau.

Hajiyar Akawu: Na gode sosai, na tura wa mai kula da kwamfutocin duka. Ya ce tun jiya ya saka ni a rukunin masu lissafi, ni kuma rufe murfin laftof kawai nake yi ban taɓa fita ba. Bari in gwada. Firinta fa, ita ma admin take nema in za a saka direba, wato manhajar da ke sa ta aiki?

Injiniyan Kwamfuta: Wannan tun gyaran da Microsoft ta fitar a Agustan 2021 saboda PrintNightmare ne, wata matsalar tsaro a tsarin firinta na Windows, da gangan aka yi shi, sai dai mai kula da kwamfutocin ya zo ya saka miki da kansa.